Akwatin Baba a Gidan Waya

Mahaifina ya yi aikin reluwe a Kaura Namoda har ƙarfinsa ya ƙare, kuma abin da bai taɓa saki ba daga zamanin aikin shi ne akwatinsa na gidan waya. Ya rasu ana gab da shiga hayaniyar zaɓen da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, sai makullin ya dawo hannuna. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Zurmi, nakan zo gida ƙarshen mako, in biya ta gidan waya kafin in isa wurin Inna.

Siyasar Baba duka ba ta wuce yini ɗaya ba. Ya taɓa raka wani abokinsa taron jam'iyya, aka miƙo rajista, shi kuma mutumin reluwe ne, ba a ba shi takarda ya bar gurbi. Ya rubuta sunansa cikakke da lambar akwati. Shi ke nan.

Inna tana cikin takaba wasiƙun suka fara zuwa. Na ɗan takarar majalisa, na mai son kujerar ƙaramar hukuma, na wata ƙungiyar magoya baya da ban taɓa jin labarinta ba. A shekarun nan kowane ɗan takara ya zama malami. Bisimilla a sama, aya a ƙarƙashi, sannan a gayyaci Baba taro, a rufe da yi masa fatan lafiya da tsawon rai. Ko ɗaya daga cikinsu bai tako zaurenmu ya yi ta'aziyya ba.

Ta farko kuskure na yi na shiga da ita cikin gida. Inna ba ta karatun boko, ta ce in karanta mata, tun daga bayan ambulan. Na karanta. Da na gama na dunƙule zan jefa murhu, ta riƙe mini hannu, ta ce da sunan Allah a ciki, ba a wulaƙanta shi. Ta lallaɓe takardar a cinyarta ta sa a cikin kwalla a saman kabad. Daga ranar ya zama doka: duk wadda ta zo sai an karanta, sai an adana.

Ni kuwa ina kallonta. Duk ran da na karanta sai ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi, tuwon ranar kuma sai dai a ba kaji. Zuciyata ta riƙa tafasa. Mata ta rasa mijinta, wasu da ba su san ko an binne shi ba suna tsokano mata ciwon duk mako don neman ƙuri'a. Na ƙudura sai na tsayar da abin.

Na je ofishin jam'iyyar, wani shago ne da suka kama kusa da kasuwa, benci biyu da fastoci har rufi. Na tarar da sakataren yana ɓare goro. Na yi masa bayani. Ya ce Allah ya jiƙan rai, bai ko ɗago kai ba, ya ce sunaye sun riga sun tafi Gusau, daga can ake bugo wasiƙun. Na ce to a aika a cire. Sai a lokacin ya dube ni.

"Malam, in munka cire duk wanda ya mutu, mi za mu nuna ma manya?"

Wallahi da ban tuna ni malamin makaranta ba ne, da bencin nan ya tashi a kansa. Na koma na rubuta wasiƙa da hannuna zuwa Gusau, cikin ladabi, har da addu'a. Bayan mako uku amsa ta zo: kalanda mai hoton ɗan takara yana murmushi da carbi a hannu, da sunan Baba a jikin ambulan.

Ranar na rufe akwatin. Ma'aikacin gidan wayan tsoho ne, ya san Baba tun yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Sau biyu yana tambayata ko na yi shawara da mutanen gida. Na ce ni ne mutanen gida. Ya karɓi makullin, ya ja layi a kan sunan cikin littafinsa.

Mako biyu ina zuwa hannu wofi. Inna takan dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. A na uku ta tambaya ko ba a aiko ba. Na gyara zama, har da ɗan alfahari, na gaya mata na raba ta da mutanen nan har abada, ba wanda zai sake sa ta kuka.

Ta daɗe tana tsince tsakuwa a cikin geron da ke faifai. Sannan ta ce:

"Ni tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa faɗin sunanai ba, kunya ba ta bari na. Ku ma ɗiyanai ba ku faɗi. Ran da duk ka zo da takarda, ran nan nika jin an kira shi."

Ban taɓa lura ba. A gidanmu shi Baba ne, a bakinta Malam ne, a unguwa ya riga ya zama marigayi. Maƙaryatan nan da nake zagi su kaɗai suka rage masu kiran sa da sunansa na yanka, ni kuma na toshe musu baki. Har yau ban yafe musu ba, don ba don Allah suka yi ba. Kaina ma ban gama yafe wa ba.

Ta ci gaba da tsintar geronta. Na buɗe baki in faɗa mata sunan ko sau ɗaya, babu takarda a hannuna, sai ya ƙi fita.