Malam Abdulkabir Iliyasu Tsanyawa da Na'urori Bakwai

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Abdulkabir Iliyasu a shekarar 1966 a garin Tsanyawa da ke arewacin Jihar Kano. Mahaifinsa, Malam Iliyasu, manomin gero ne da gyaɗa, mahaifiyarsa Hure kuwa asalinta 'yar Zakirai ce. Ya sauke Alƙur'ani mai girma a 1979, ya kammala sakandare a 1985, sannan ya samu babbar difloma a fannin fasahar ɗakin gwaje-gwaje a 1991.

Aiki

A 1992 wata jami'a ta Arewa ta ɗauke shi aiki a sashen injiniyancin sinadarai, inda ya tarar ɗalibai na koyon na'urori daga zanen allo kawai, har su karɓi digiri hannunsu bai taɓa ko ɗaya ba. A watan Maris na 1998 iska mai guba ta tsiyaye a tsohon ɗakin gwajin sashen sakamakon kuskuren wani ɗalibi da ba a taɓa nuna masa yadda ake rufe tukunyar gas ba. Malam ya fitar da ɗalibai goma sha ɗaya kafin ya faɗi. Ɗaya daga cikinsu ya rasa ganinsa, shi kuma Malam huhunsa bai sake komawa daidai ba.

Aure

Ya auri Malama Asama'u, malamar Islamiyya daga yankin Watari, a 1994. Ta shaida cewa tun bayan hatsarin, bai taɓa jin labarin gobara a wata masana'anta ba face ya nemi sunayen ma'aikatanta, yana fargabar ya ga wanda ya koyar.

Zuwan Tallafi

A 2018 wata hukumar raya ƙasashe ta Turai ta amince ta inganta koyarwa a sashen. Ta kawo na'urori bakwai, ciki har da tukunyar tururi da na'urar tace mai, ta kuma ɗauki ma'aikata uku zuwa horon wata shida a ƙasarta, Malam na cikinsu. Ba a cika shekara uku da dawowarsu ba, ɗaya ya koma kamfanin mai, ɗayan ya tafi ƙasar waje. Da wa'adin shirin ya ƙare a 2022, ya zamana babu wanda ya san yadda ake kunna waɗannan na'urori a kashe su lafiya sai mutum ɗaya, wanda likitoci suka riga suka gargaɗa game da numfashinsa.

Shekarun Ƙarshe

Malam ya ƙi karɓar ritayar rashin lafiya. Ya roƙi a ba shi mataimakiya, aka ba shi Injiniya Tahira Zubair, ya shiga koya mata na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya wucewa zuwa ta gaba sai ta sarrafa wadda ke hannunta sau arba'in yana kallo. Shugabannin sashen sun nemi ya gaggauta, ganin yadda jikinsa ke ƙarewa, amma ya amsa musu a rubuce cewa rabin sani a gaban tukunyar tururi ya fi jahilci hatsari. A watanninsa na ƙarshe a kan kujera ake shigar da shi ɗakin, yana nuni da yatsa saboda magana ta yi masa nauyi. Na'urori huɗu ya samu ikon kammala koya mata.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 12 ga Satumba, 2024, yana da shekara hamsin da takwas. An yi jana'izarsa bayan sallar La'asar a Tsanyawa, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Na'urori ukun da suka rage, har da tukunyar tururin, suna nan a rufe, amma sashen ya sanya su cikin jadawalin ɗaliban aji uku na baɗi.

Ya bar matarsa Asama'u da 'ya'ya huɗu: Yahya, manomin rani a Watari; Aina'u, ma'aikaciyar jinya; Naziru, ɗan kasuwa; sai auta Rumaisa, wadda a bana take aji biyu a wannan sashen.