Gwaggo Hajo da Akuyar Fim

Duk wadda ta taɓa shiga kallo gidan Gwaggo Hajo, nan Sabon Birni, ta san ba ta kallon talabijin. Baya take ba shi. Sai ta ja 'yar kujerarta ta ajiye gefen akwatin, ta fuskance mu da carbi a hannu, mu muna kallon fim ita tana kallonmu. In aka ce, "Gwaggo, juyo ki ga wurin nan!" sai ta ce, "Na gani ga bakin Ladi. Ga shi nan buɗe har ƙuda na neman masauki."

Yayar babana ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma da talabijin ɗin nan da wani ƙaramin janareta mai tari take ci da kanta. Mata da yara kawai take bari, bayan la'asar, a rumfar tsakar gida. Ni wurina ƙarshen tabarma ne, kusa da randa, ko kayan makaranta ban cire ba.

Kun dai san ta da fetur! Da ta ji fim ya kusa ƙarewa sai ta miƙe ta kashe inji, ta tafa hannu ta ce, "To, ku tashi. Sun shirya. Uban ya yahe ma ɗan, an yi tuwo, kowa ya ci."

Ran nan Ladi maƙwabciyarta ta kasa haƙuri. "Haba Hajo, ki ji tsoron Allah! Na ga wanga fim garin Isa, gidan ɗiyata. Uban mutuwa ya yi!"

"Can Isa yam mutu," in ji Gwaggo, tana rufe talabijin da zane. "Nan gidana lahiyatai lau. Ni ba ni ƙona mai ga gawa."

Akwai wani tsohon kaset da ya fi kowane kawo mata mutane. Sunansa na gaskiya ba wanda ya riƙe, fim ɗin akuya kawai muke ce masa. Labarin wasu talakawa ne da jar akuyarsu da ta ɓata, gida duka ya fita nema. An saka shi har hoton ya koma kamar ana yayyafi a ciki. Sau uku zaren ya tsinke, sau uku Gwaggo ta liƙe shi da jan farce. Wurin da ta liƙe, sai uwar gidan ta fara kuka a ɗaki ta ƙarasa shi a bakin rijiya, ba wanda ya damu.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ɗauke bayan gero ya kai gwiwa. Ba sai na tuna muku ba. Gonakin Unguwar Lalle suka koma ja, makiyaya suka riƙa gangarowa daga bakin iyaka da shanu kamar tsumma. Wadda ba ta san me za ta dafa da dare ba ina ta ga kuɗin kallo? Rumfar Gwaggo ta koma daga ni sai kaji. Kaset ɗin akuya ma ya tsinke na huɗu, jan farce ya ƙi kama shi.

A nan ne Sidi, mai yawo da kaset a kasuwanni, ya yi sallama da labari. Wai an sake yin fim ɗin akuya sabo fil, da sababbin 'yan wasa, amma a faifai yake, sai da sabuwar na'ura.

"Ya karɓu birni?" in ji Gwaggo.

Sidi ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Hajiya, ba a san inda za shi faɗi ba tukuna."

"Ban je Makka ba. Kawo shi ran kasuwa."

Ban da kayan kallo, abin da ta mallaka mai daraja guda ɗaya ne, akuyarta ja, wadda take tatsa ta dama fura. Ita ta ja zuwa kasuwa. Da Baba ya ji, ko takalmi bai sa daidai ba ya iso.

"Yaya! Kin sai da akuyar gaske kin sawo ta hoto? Cikin wagga shekara? Wa za shi biya shi ga labarin da yas sani tun daga hwarko har ƙarshe?"

"Auta," ta ce masa, ga shi da furfura a gemu, "sau nawa kaka cin tuwo? Ka taɓa cewa ka san ƙarshenai?"

"Tuwo cika ciki shikai!"

"To tahi ka ci, ka bar ni."

Baba ya fita yana cewa fim ɗin nan faɗuwa zai yi, ya faɗi da ita. Ni kuwa na ga abin da bai gani ba. Da ya tafi, ta daɗe tsaye gaban turken da babu komai, sannan ta kwance igiyar ta ɓoye ƙarƙashin gado.

Ranar farko mata bakwai suka zo, har da Dije mai nono, Bafulatanar da ke biya da ludayin kindirmo. Tun farawa aka fara tsaki. Talakawan fim sun koma gidan bene. Uwar gidan na kukan talauci da zoben zinari. Akuyar ma ba ja ba ce, wata fara ce mai ƙiba kamar an hura ta. Na ga carbin Gwaggo ya tsaya cak a hannunta.

Can aka zo wurin da aka gano akuyar. Ni na lura kunnenta na hagu a tsage yake da farko, yanzu kuma ya warke sumul, amma kunya ta hana ni magana. Yarinyar gidan ta ɗauko ƙwarya ta durƙusa za ta yi tatsa. Sai Dije ta miƙe tsaye, ludayi a hannu.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, wanga bunsuru na!"

Muka duba da kyau. Wallahi bunsuru ne, da shaidarsa da komai, ba sai na faɗa ba. Kafin mu rufe baki aka nuna ƙwarya cike da madara har da kumfa.

Wayyo! Ladi ta faɗi kan tabarma tana dukan ƙasa. Wata ta ƙware sai da aka ba ta ruwa. Ranar ce kaɗai na ga Gwaggo ta juya ta dubi talabijin. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Dije, ku da kuka kiwo tun kakanni, kun taɓa samun ko cokali guda? Ku ji mutanen birni da ilimi!"

Kafin kwana uku labari ya gama gari, wai a gidan Hajo ana tatsar bunsuru. Mata suka riƙa zuwa har daga ƙauyuka ranar kasuwa. Ba wadda ta damu da labarin, wurin tatsar kawai ake jira, a ce a mayar baya. Mai kuɗi ta ba da kuɗi, wata ƙwai, wata dusa. Wadda ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen mayafi kuwa, sai Gwaggo ta daka mata tsawa: "Ke, shigo! Ba kin biya jiya ba?" Alhali jiya ba ta ma zo ba.

Da Sidi ya dawo ya ce a birni fim ɗin ya faɗi warwas, masu shi sun tafka asara. Baba ya ce, "Ban hwaɗa ba?" Gwaggo ta ce, "Can yah hwaɗi. Su ba su san akuya ba."

Bayan sati huɗu ta ce in raka ta kasuwa. Dabbobi sun yi arha saboda ba abin ba su. Ta zaɓi wata ja, ramammiya, mai ɗa guda. Dillali na ta yabo, ita kuwa ta durƙusa a gaban maza ta leƙa ƙarƙashinta, ta sake leƙawa.

"Inna, mi kika nema?"

"Tabbatarwa nikai, ɗana. Ni ba 'yar fim ba ta."

Da dusar da mata suka biya da ita ta tayar da akuyar nan. Madarar ba ta taɓa cika ƙwarya ba, amma har ruwa ya dawo, kowace safiya sai ta raba ta ga 'ya'yan baƙin makiyayan da suka sauka bayan gidanta, tana yi musu faɗa wai sun cika ci.

Watanni biyu ke nan da muka rasa ta, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta sa masu yunwa dariya, ta rufa asirin marasa shi, ya Allah ka rufa nata, ka shayar da ita a Aljanna. Amin.