Abin da Bakur ya zuba mana a kofi

A watan nan Bakur ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Duk shekara ɗansa Salihu yakan bugo mini waya daga Jidda, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Baffa, ka tuna da Baba a addu'a." Nakan ce to. Shekaru shida na farko da zuciya ɗaya nake faɗa. Shidan baya kuwa, a baki kawai nake faɗa. Salihu ba ya karanta Hausa, mahaifiyarsa kuma ta bi mijinta bara, shi ya sa bana na ga zan iya rubuta dalili.

Sunansa Abubakar, amma haihuwar Jidda ne, don haka Bakur kowa ke kiransa. Kakansa ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja zuwa aikin hajji, bai koma ba. Ni kuwa baƙo ne. Na zo yin tafinta a wani ofishin jiragen ruwa lokacin da garin ke ta gine-gine ba dare ba rana, bayan na zauna Abidjan da Marsai da Iskandariya. Bakur ne ya samo mini ɗaki a Balad, tsohuwar unguwar garin. Shi ya raka ni wajen kafili, Balaraben da ya tsaya mini, ranar da iƙamata, takardar izinin zama, ta maƙale, ya yi ta zuba masa Larabcin Hijaz har mutumin ya yi dariya ya sa hannu. Kuku ne a gidajen wani kamfanin Italiya da ke aiki a bayan gari.

Abu ɗaya nake tinƙaho da shi a lokacin. Duk yawon da na yi, giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Faransawa da ita suke cin abincin rana kamar yadda muke kora tuwo da ruwa, Ingilishi kuma in ka ƙi sha sai su ɗauka ka raina su. Na taɓa rasa aiki a kan haka. Alkawari ne na yi wa Inna a tashar mota ranar da na fara barin Katsina. Na san na cika ba da labarin nan, har Bakur ya laƙaba mini Alaramma.

Ranar Juma'a bayan la'asar mukan hau saman gidansu mu jira iskar teku. Wasu Juma'o'in, ba kullum ba, sai ya hauro da tulun gilashi cike da ƙanƙara da yankan tuffa da ganyen na'a-na'a. A Jidda wannan ba abin mamaki ba ne, kowane gidan abinci na haɗa ruwan tuffa da soda haka. Sai dai nasa daban yake. Launinsa fari-fari ne mai ratsin zinariya. Kumfarsa ƙanana ne, ba sa tsalle a hanci kamar na lemon kwalba, sai dai su yi ta tsikarar harshe a hankali. Zaƙinsa bai kai na zuma nauyi ba, ƙamshinsa kamar ka bi ta gonar lemo tana fure. In na sha kofi biyu sai kafaɗuna su saki, hira ta yi ta zuwa. Na ɗauka iskar ce da zama da aboki.

Na sha tambayarsa me yake sakawa. "Ruwan inabi ne, ya Alaramma," in ji shi. "Sauran kuma sirrin kicin ne. Yalla, sha, ƙanƙara na narkewa."

Shekarar da na kawo Inna hajji, ta kwana uku a gidan Bakur tana jiran jirgin komawa. Rana ta biyu Juma'a ce. Muna zaune sai ga ta ta hauro, tana dafa bango, ta ce zafin ƙasa ya ishe ta. Bakur ya miƙe da sauri ya ce bari a kawo wa Hajiya shayi. Ta ce shayi a wannan zafi? Na miƙa mata kofina. Ya ce, "Sanyinsa ya yi wa tsohuwa yawa." Na yi masa dariya. Inna ta shanye, ta lumshe ido, ta miƙa masa kofin. Ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya ɗauki tulun ya cika mata da hannunsa. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara." Ya ce amin. Har ta rasu tana ba maƙwabta labarin ruwan inabin ƙasa mai tsarki.

Shekara shida bayan mun binne Bakur, na koma sana'ar fatu, ta kai ni arewacin Italiya. Wani mai majema da nake sayar wa fatun awaki ya gayyace ni cin abincin Lahadi a gidansa. Da aka kawo kayan zaƙi aka buɗe kwalba, na rufe kofina da tafin hannu kamar yadda na saba. Matarsa ta yi dariya, ta ce wannan Moskato ne, ko kakanni mata suna sha, abin bugarwar da ke ciki kaɗan ne ƙwarai. Ta zuba wa na kusa da ni. Ƙamshin ya iso mini kafin ta gama zubawa, ƙamshin nan ne na tulun Bakur. Na nemi a ba ni kwalbar, na karanta takardar jikinta da 'yar Italiyancina, na sake karantawa. Ban sha ba. Ban kuma san yadda aka gama cin abincin nan ba.

Da na je umara a shekarar, na nufi unguwar Kurayyat a Jidda inda matarsa, Umm Salihu, ta koma da zama. Bayan gaisuwa na tambaye ta kai tsaye. Ba ta yi musu ba. Ta ce manyan kamfanin ne ke shigo da giyar a cikin kaya, duk lokacin bikinsu su ba shi kwalba ɗaya ko biyu. "Wallahi na hana shi, Alhaji, na hana shi. Sai ya ce kai ba ka da laifi tunda ba ka sani ba. Zunubin nasa, daɗin naka." Na ce, Inna fa? Ta sunkuyar da kai. "Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ce in ya faɗa a gabanta, ya rasa ka." Sai ta ce, "Halas, shi ke nan, ya riga ya tafi. Ka yafe masa don Allah." Na yi mata sallama ban amsa ba.

Na san hukuncin. Malamai biyu na tambaya, ɗaya a Makka ɗaya a gida, duka suka ce wanda aka shayar bai sani ba, babu komai a kansa. Ba wannan ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da na yi ina ba da labarin alkawarina a gaban mutumin da ya san ya riga ya karya mini shi, yana gyaɗa kai, yana ƙara mini ƙanƙara. Baƙi a ƙasashe uku sun matsa mini in sha, amma duk cikinsu babu wanda ya ɓoye mini abin da ke cikin kofin. Wanda ya ɓoye shi ne wanda muke sahu ɗaya a masallaci.

Ina tunanin me zai ce da ya ga Jiddan yau. Gidan da muke hawa samansa an rufe shi da kwano, mutanen unguwar sun watse kudu. A manyan kantuna yanzu ana jera ruwan inabi mai kumfa wanda babu giya a ciki, a kwalabe masu wuyan zinariya, ana buɗewa a wajen biki. Na tabbata zai ɗanɗana ya yamutsa fuska, ya ce ruwan sukari ne. Na saya na gwada. Abin haushin, da ya faɗi haka, gaskiya ya faɗa. Ban sake shan abin da ya kai nasa daɗi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya yi mini.

Ba zan ce mugu ba ne. Mutumin da ya yi jinyata wata guda lokacin da zazzaɓi ya kusa kai ni kabari, shi ne dai mai tulun. Na yi shekara shida ina ƙoƙarin raba su biyu, sun ƙi rabuwa. Yanzu na tsufa, ba na so in tarar da shi a can da wannan a tsakaninmu. Don haka ga amsar da ban ba matarsa ba tana da rai: abin da ya zuba mini, na yafe, duniya da lahira. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama. Kofi na biyu da ya cika wa Inna kuwa, ba nawa ba ne balle in yafe. Su biyun suna can, sai ya tambaye ta da kansa.