Bara'atu da Kyamara Marar Madubi

Duk matar da ta yi biki ko suna tsakanin Gaya da Ajingi ta san Bara'atu Mai Hoto. Ita ce ke shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya leƙawa, kyamara rataye a kan hijabi, tana tsokanar ƙawayen amarya har sai sun saki fuska. Mutum ɗaya ce ta gagare ta, mahaifiyarta Inna Hajo.

Ita fa Inna Hajo in tana dariya har maƙwabta suna jiyowa ta katanga. Amma da zarar an ɗaga kyamara, shi ke nan, sai ta gyara mayafi ta ɗaure fuska kamar an kawo mata sammaci. Shekara tara Bara'atu tana fama, ba ta da hoton dariyar nan ko ɗaya. Abin yana ci mata rai ƙwarai, don tsohuwa ta haura saba'in, kuma mahaifiyar Inna, marigayiya Gaji, haka ta bar duniya babu hoto.

Da tsohuwar kyamararta ta gaji, Bara'atu ta hau bas sai Kano. Mai shago, wani Abdulsalam, ya ajiye mata guda biyu, duka marasa madubi. Ya ce tsofaffin kyamarori suna da ɗan madubi a ciki, shi ke ɗagawa ya yi ƙarar nan in an danna, sababbin kuwa an cire shi, in ka so shiru suke aiki. Ta farko hotonta tangaran, har zaren leshi sai ka ƙirga, amma in bidiyo ya yi tsawo sai ta ɗau zafi ta kashe kanta. Ta biyu hotonta bai kai wancan ba, sai dai tana jure bidiyo, tana bin idon mutum da kanta, allonta kuma yana ɗagowa yadda ko a cinya ka ɗora ta kana gani. Wallahi ta farkon ta shiga ran Bara'atu. Sai ta tuna zafin bazara a Gaya, ta tuna ba a ce wa masu kamun amarya su dakata kyamara ta huce. Ta ɗauki ta biyu.

Washegari ta wuce Ajingi, ta tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta zauna ta ɗora kyamarar a cinya, ta ce ga sabuwar, marar madubi ce.

Inna ta tsaya cak. Ta tambaya to da me za ta ga mutum? Ta sa aka danna, ba ta ji ƙarar komai ba. Nan fa ta fashe da dariya, har kwaryar gyaɗa ta kife.

"Kai, Auta, 'yan birni sun cuce ki! Sun sayar miki da makauniya. Ɗauko madubina na ɗaki ki liƙa mata."

Bara'atu ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali allon take kallo. Ta bar tsohuwa ta yi ta yi mata tsiya, tana tafa hannu, tana share hawaye da bakin zane, wajen minti shida. Sannan ta matsa kusa, ta kunna mata bidiyon da ta ɗauka.

Bara'atu ta shirya shan faɗa. Inna kuwa ta ƙura wa allon ido, ta kai yatsa a hankali ta taɓa wushiryar matar da ke dariya a ciki.

"Wannan ai Innarmu ce," ta ce. "Haka take yi, sak."

Ta matsa a kan tabarma ta ba 'yarta wuri, ta ce a sake kunnawa daga farko.