Gwaggo Tasalla da Maganin Shanu

Duk wanda ya zauna Kademi a zamanin da ake kashe sule da sisi ya san Gwaggo Tasalla, yayar mahaifinmu, ba ta ganin ragowar magani ta wuce. Ƙwaya ce, na ruwa ne, jiƙo ne, nata ne. Lafiyarta ƙalau fa! Cewa take, "Ajiya nake yi a jiki, kafin ciwon ya zo."

Kun tuna gaisuwar rasuwar Malam Audu mai tireda? Ta yi addu'a har da hawaye, sannan ta matso kusa da matarsa.

"Ladi, maganin nasa ya ƙare ne?"

"Haba Gwaggo, ai bai yi masa amfani ba."

"Shi ne bai yi wa ba. Ni ba mu gwada ba tukuna."

Shekarar da masu lamba suka zo rigakafin agana, aka yi mata a hannun dama, ta zagaya ta sake bin layi. Ma'aikacin ya ce, "Inna, ba yanzu na yi miki ba?" Ta miƙa hagu. "Wannan kuma na maƙwabta ne?"

Ni kaina ban tsira ba. Ina da cikin fari aka ba ni maganin ƙarin jini a Gaya. Na dawo daga rijiya na tarar ta kafa kai a kwalbar.

"Gwaggo, na masu ciki ne!"

"To ni a ina nake zuba tuwo, a ƙeya?"

Wanda ya kai ta ƙasa, na shanu ne. Maƙwabcinta Jaɓɓo ya karɓo wa garkensa maganin tsutsar hanta wajen malamin dabbobi, ɗan saura ya rage a kwalba. Ya ce, "Inna, kada ki taɓa, na bisashe ne." Ta ce, "Abin da bai kayar da bijimi ba, ni zai kayar?" Yana juya baya ta shanye.

Ta wuni tana amai. Da ya lafa har daka ta yi, tana cewa, "Kun gani? Ya wanke ni tas!" Bayan kwana kaɗan idonta ya koma rawaya, fitsarinta kamar shayi ba madara. Muka sa ta a motar kasuwa zuwa Gaya. Malamin asibiti ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta zabura. Ya ce hanta ce ke tace duk abin da mutum ya haɗiya, gubar ta kashe naman hantar a lokaci guda. In hantar ta tsaya, dattin jini zai hau kai, jinin ma ya ƙi daskarewa.

Gwaggo ta ce, "Hantar tawa? Ai ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba."

"Ita ba ta ƙorafi, Inna, sai ta gama gajiya."

"To ɗana, ba ka da wani ɗan magani da za ka ƙara min?"

Shi kansa sai da ya yi dariya.

Ya ce a wuce da ita Kano, amma kafin a sami mota ta fara rikicewa. Dasashinta na jini, hannuwanta na kaɗawa, barci na fizgarta. Ta riƙe zanena tana cewa, "Uwani, yi haƙuri, an tafi nemo maganin." Ni Hajara ce, ban san wata Uwani ba. Sai mahaifinmu ya sunkuyar da kai ya ce 'yarta ce tilo. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara huɗu, aka zaga ƙauyen ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba.

Na ce, "An samo, Inna. Na sha." Ta saki zanen, ta yi barci, ba ta farka ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa jinyarta ta zama kaffara. Ya haɗa ta da Uwaninta a inda ba a ciwo. Amin.