Ƙwaryar Laraba ta Adda Dija

Adda Dija! Adda, wai da gaske ke ce?

Da safen nan labarin ya same ni. Ina ɗaure ɗankwali surukar Adda ta kira, ta ce Goggo, Adda ta yi sallar asuba ta kishingiɗa, ba ta tashi ba. Na ce to. To kawai na ce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai ta kafin azahar. Na je, na zauna, an gaishe ni na amsa, na dawo. Ban yi kuka ba har yanzu, ban san dalili ba. Shayin safe yana nan a gefena ya yi sanyi.

Ku yi haƙuri da rubutuna, lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, jikata ce ta koya min wayar. Yadda nake magana haka zan rubuta.

Waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyata ce a nan unguwar Poumpoumré, katanga ɗaya. Tun zamanin shugaban ƙasarmu na farko, ɗan garin nan, lokacin jiragen ruwa na zuwa Binuwai da damina su kwashi auduga. Mijinta Baba Hamadu shi ke jan motar auduga daga Kaélé. Ni kuma an kawo ni daga Domayo, maigidana marigayi mahauci ne.

To kun san gidan mahauci. Kullum nama. Yau tsoka, gobe kayan ciki, jibi ƙashi, mai na yawo a kan miya. Ni a ganina gata ne. Ganye kuwa kunya ce, matar mahauci ta dafa ganye ai sai a ce mijin ya karye.

Sai ga 'yata Hadiza bakinta duk ya tsattsage, ciki ya ƙi tafiya, tuwo ma ta daina karɓa.

Adda ta leƙo ta katanga, ta kalli tukunya, ta kalle ni.

Ta ce, "Ke Bintu, mutum kike aure ko kura?"

Na ce, "Adda, abin da ya kawo ne."

Ta ce, "Shi ya kawo, ke kika dafa. Zagayo."

Na zagaya. A bangon madafarta ƙore bakwai ne ƙanana a rataye, kowace da ranarta. Ba ta iya karatu ba, ni ma a lokacin sai a hankali. Ran Lahadi in ta dawo kasuwa sai ta zauna ta raba. Kuka da busasshen kifi a ta Lahadi. Yakuwa da gyaɗa a ta Litinin, ita folere take ce mata, don bakinta rabi Fillanci ne. Wake ran Talata, zogale ran Laraba, kuɓewa ran Alhamis. Juma'a ce kaɗai ranar nama da shinkafa. Asabar kuma a haɗa ragowar. In an dafa ta yau sai a kife ƙwaryar.

Ta ce, "In kin yi tunani sau ɗaya ran Lahadi, kin huta har wata Lahadin. Mace ba ta tsayawa da la'asar tana tambayar murhu me za a ci."

Ran da na fara kai wa maigidana miyar zogale ya buɗe akushi ya rufe. Ya ce, "Wani ya mutu ne?" Adda na jin shi ta katanga. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, shanun da kake yankawa me suke ci suka yi ƙiba?" Ya yi dariya har ya ƙware. Ya cinye kuma.

Hadiza ta warware. Yau ita ma da jikoki.

Daga nan muka haɗa. Naman Juma'arta daga gidana yake fita, kifina na Lahadi daga nata. In na haihu ita ke cika min ƙorena, in ta haihu ni. Mun yi faɗa sau da yawa a kan gishiri, ita kullum wai na cika hannu. Ko muna fushi da juna naman Juma'a bai taɓa fasa tsallaka katanga ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne Baba Hamadu.

Idonsa ya tafi da daɗewa, yanzu kuma mantuwa ta kama shi. Ga tansiyo, hawan jini ke nan, likita ya hana shi gishiri da mai. Ba ya sanin wata, ba ya sanin shekara, amma yana sanin rana da ƙamshin miya. In ya ji kuɓewa sai ya ce a wanke masa babbar riga, gobe masallaci. Bara da aka kwantar da Adda a lopital, wato asibiti, 'ya'yansa suka kawo masa kaza, suka kawo taliya. Ya shinshina ya ture. Wai wannan ba na yau ba ne. Bai ci ba sai da ta dawo, har sai da aka yi masa ƙarin ruwa.

Yau an gaya masa da safe, ya yi salati. Da na je gaishe shi ya riƙe hannuna ya ce, "Bintu, yayarki ta tafi kasuwa ne? Ta daɗe."

Kuma kun san al'ada, gidan rasuwa ba a hura wuta. Maƙwabta Allah Ya saka musu, kuloli sun cika tsakar gida, shinkafa da miyar ja, mai har baki. Ba wadda zai taɓa. Ko ya taɓa ma ba ta yi masa ba.

Zamana da ita na ƙarshe ran Lahadin nan ne. Tana kan tabarma, ƙoren a gabanta, biyu ma an ɗinke su saboda tsufa. Tana ta mitar zogalen bana bai bushe da kyau ba. Da zan tafi ta ce, "Ki zo Laraba ki taya ni tsince shi, idona ya fara bin na maigidan."

Na ce sai dai in za ki bar ni in sa gishirina.

Ta ce, "Ki zo dai, mai nauyin hannu."

Yau Laraba.

Ɗazu na tsaya a ƙofar madafar. Uku a kife, huɗu cike. Ƙafata ta ƙi shiga. Na juyo gida hannu rabbana.

Ga la'asar ta yi. Na aika wa surukarta ta ciro min ƙwaryar Laraba da akushin Baba Hamadu, a murhuna zan dafa, ba gishiri, daddawa kawai yadda take yi. Ban sani ba ko zai gane ba hannunta ba ne. In ya tambaya ban san me zan ce ba.

Allah Ya jiƙan Adda Dija, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna yadda ta ciyar da mu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya kuma roƙa wa tsohon nan Allah Ya sa ya buɗe baki ya ci yau.

Ni dai har yanzu ji nake kamar in na ɗaga kai ta katanga zan

Ana buga ƙofa, da alama ƙwaryar ce aka kawo. Bari in