Kusurwar da Bambo Chikaonda Ba Ya Yankewa

A buga ganga, a cire hula! Ga Sarkin Askin filin makarantar kwana ta bayan Dedza, mai jan dokin da ba ya cin dusa sai fetur, wanda ko hedimasta ba ya kusantarsa: Bambo Chikaonda.

Zancen kusantar nan ba zolaya ba ce. Wuƙaƙe biyu ne a ƙarƙashin motarsa ta yankan ciyawa, in suka tsinci tsakuwa sai su harbo ta kamar danƙo. Shi ya sa aka ce kowa ya tsaya taku talatin. Shekara sha tara ke nan ana gaishe shi da hannu daga nesa. In mutum ya nufo shi yakan ja ƙarfen da ke damansa, wuƙaƙen su tsaya, amma sai mako ya ƙare ba wanda ya sa shi ja.

Wuri ɗaya ne yake ja kullum, kusurwar bayan ragar ƙwallo, inda bonongwe ke fitowa, alayyafon nan da ba mai shuka shi. Matarsa Nambewe ce ke tsinkarsa a da. Ita kaɗai ke ratso fili kai tsaye da kwanon nsima, tuwon masara, ko kallon wuƙa ba ta yi, ta san zai tsayar. Shekara shida da suka wuce ta tafi aikatau Joni, babban birnin nan na ƙasar waje, wai damina ɗaya. Waya ta yi ta ja baya har ta ƙafe. Shi kuwa in ya iso kusurwar sai ya tsayar da wuƙa, ya wuce a hankali.

Sai ga sabon hedimasta. "Bambo, fili ne wannan ko gonar miya? Asabar ranar wasanni ce. In na ga tsiro ɗaya ya fi yatsata tsawo, ka ajiye makulli."

Juma'a da safe ina kan katanga, da yake kallon aikin wasu ne sana'ata. Bambo ya zo da buhu, ya tsinke ganyen kaf don shanya. Ya durƙusa ya gwada yatsarsa a gindin tsiro, ya daɗe. Sannan ya hau motar, ya saita tsayin wuƙa, ya kunna, ya bi ta kai bai waiwaya ba. Abin da ya rage bai kai yatsa ba, amma ruwa ɗaya zai sa ya tofo.

Na diro na ratsa fili kai tsaye. Ya tsayar da wuƙa, ya ɗago da sauri, ya ga ashe ni ne.

"Bambo, ka ci hedimasta da yatsarsa! Wallahi sai na rubuta ka. Har Joni za a karanta, Nambewe ta hau bas tana kuka."

Ya mai da hannu kan ƙarfen.

"Ganyen miya ne. Koma taku talatin."